Littafin Zauren Nuzla da Na Sa Aka Ɗinke

Ku da kuke zaune a shagon nan yanzu cikin sanyin na'ura, gani kuke sayar da littafi zama ne da miƙa hannu. Mai saye ya faɗi suna, ku ɗauko, ku sa a leda, halas, an gama. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta muku yadda na koyi sana'ar, da kuma kuskuren da ya fi kowanne girma a cikin waɗanda na yi.

Aikin da na fara shi ne kaɗe littafi. Mahaifina ya zo hajji da ƙafa ta Sudan bai koma ba, shi ya kai ni wurin wani mutumin Hadramaut, Ammu Salim, mai wani siririn shago a cikin Balad, tsohon garin Jidda. Kayan aikina uku ne: ƙyalle, da ƙaramar tsintsiyar kaba, da wuƙar ƙashi. Littattafan Masar a lokacin suna zuwa da shafuffuka a haɗe ta sama, sai an bi ana rabawa. Wuƙar ƙarfe takan zarce ta ci rubutu, ta ƙashi ba ta yi. Sai da na shekara biyu a kan wannan kafin ya yarda in yi ciniki da kowa. Ya koya mini in sansana littafi kafin in buɗe shi, domin danshin Jidda ba ya raga wa takarda. In ka ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, to ruɓa ta fara daga tsakiya, ko da bango yana ƙyalli. Ya koya mini in bi littafi ƙulli-ƙulli in tabbatar ba a tsallake komai ba. Alhajin da ya kai littafi ƙasarsu ya tarar babu babin azumi ba zai dawo ya yi maka faɗa ba, amma duk garinsu ba mai sake tsayawa a ƙofarka.

Masu saye kowa da halinsa. Mutanen Jawa suna son ƙarami mai shiga aljihu, kuma ba sa ciniki sai sun zo su biyar. Indiyawa sukan duba ɗinki kafin su duba rubutu. Namu su ne suka fi ba Ammu Salim mamaki. Malami zai sayi littafi mai bango mai kyau, ya zauna a bakin shago, ya ciro aska ya yanke zaren, ya zare bangon ya miƙo mana, ya ce ko zai yi mana amfani. Ammu Salim ya riƙe kai ya ce, "Ya Sale, me littafi ya yi wa mutanenka?" Ni kuwa na ɗauka ƙauyanci ne kawai. Da wannan tunanin na bar shagonsa, na fara nawa da akwatin katako guda a gindin bangon wani masallaci a unguwar Nuzla, har na kai ga kama ɗakin ajiya.

A Nuzla manyan masu sayena su ne mutanen zauren Malam Haruna. Dattijo ne daga Hausawan Sudan, ya daɗe a Jidda. Gidan na katako ne da kwano, ɗaki huɗu da fili a tsakiya. Mutum goma sha huɗu ke karatu a wurin, duk manya masu gemu, wasu suna kwana a gidan, wasu suna da iyali a unguwa. Akwai masu dako a tashar jirgin ruwa, da tela, da mai wanki da guga, da mai tsire. Babban ɗalibi shi ne Idi ga-ruwa, wanda sandar garwa ta yi wa kanta a wuya, mutum mai barkwanci da kaifin ƙwaƙwalwa.

Malam ba ya karɓar wanda ba shi da sana'a, kuma ba ya karɓar wanda aka kawo. Ina wurin wani attajiri ya zo da ɗansa, ƙato mai gashin baki. Malam ya tambayi ɗan, "Kai ka zo ko an kawo ka?" Ya ce an kawo shi. Malam ya ce, "To koma gida. Ranar da ka kawo kanka akwai tabarma." Tukunyarsu ɗaya ce. Mai dako ya shigo da shinkafar da aka ba shi a tasha, wani ya zo da kifi, a haɗa a dafa. Girki bi-da-bi ne, kuma ranar Alhamis Malam da kansa ke wanke kwanoni, ba mai ikon karɓe masa. Babu bulala a gidan. In mutum biyu suka saɓa, sai an ci abinci tukuna, sannan kowa ya faɗi ra'ayinsa daga ƙarami zuwa babba, kuma ba mai tashi sai an gama.

Abin da suke karantawa bayan La'asar wani babban littafin fiƙihu ne rubutun hannu, wanda ya keto daji daga ƙasar Hausa a bayan jaki. Ba a ɗinke yake ba. Takardu ne warwatse, ɗaya bisa ɗaya, a cikin tadarishi, wato rigar fata da ake naɗe su a ɗaure. In an zauna, Idi ya kwance, ya raba wa kowa takardar da yake kai. Mai dako ya tafi da tasa tasha a cikin hula, ya bita a lokacin hutu, gobe ya dawo da ita. Littafi ɗaya, mutum goma sha huɗu suna karanta shi a lokaci guda, kowa a babinsa. A gefen kowace takarda kuwa akwai ƙananan rubutu a karkace, wani a kife, Larabci da ajami: bayanin malamin malamin Malam Haruna, da na malaminsa, da nasa shi kansa. Na sha ganin wannan duka. Abin da idona na dillali yake gani kawai shi ne gefen takardu ya yi baƙi da hannu, ya tattare kamar ganyen kuka.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya shiga ɗakin ajiyata. Jidda takan shekara ba a ga ɗigo ba, sai rana ɗaya da hantsi a zuba na shekara uku. Kayan da na tara domin alhazai suna ƙasa a kan katako, ruwa ya kai gwiwa. Ban aika wa kowa ba, sai ga Idi da mutanen zaure da buhuna a ka. Suka kwashe littattafan zuwa filin gidansu, suka ɗaura igiyoyi, suka yi kwana huɗu suna buɗe shafi suna juyawa a inuwa, don rana takan murɗe takarda. Rabin kayan sun tsira. Ba don su ba da na koma kan akwatin katako. Na kai musu buhun shinkafa, Malam ya ce in kai wa wata gwauruwa a bayan layi.

Bayan haka da shekara ɗaya idon Malam ya yi rauni sosai. 'Ya'yansa suka aiko daga Sudan lallai ya koma, kuma iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Aka tsayar zai bi jirgin ƙarshe na alhazai zuwa Bur Sudan, littafin zai zauna a zaure, Idi zai ci gaba da karantarwa. Kowa ya san Idi bai haddace abin da ke kan Malam ba. Rubutun gefe shi ne zai riƙe shi. In babu shi, zauren zai watse a bayan Malam.

Da lokacin hajji ya zo, duka suka tafi Makka, wasu ibada, wasu aiki. Kafin su tashi Idi ya kawo mini littafin ya ce, "Dillali, tadarishin nan ya mutu. Ka samo majemi ya yi mana sabo daidai da wannan." Maganarsa a fili take, na kuma fahimta. Ni ne na ga ga dama ta samu da zan rama alheri. Na ce mutanen da suka tsamo ni daga ruwa ba za su ƙare da tsumman fata ba. Na ɗauki littafin na kai wa Ammu Yusuf, wani mutumin Bukhara da ya fi kowa iya ɗinkin littafi a Balad. Na ce ya yi masa jar fata da ruwan zinari, aiki irin wanda ake kai wa manya. Ya yi. Ya huda, ya ɗinke, ya shafa manne a baya. Sannan ya yi abin da kowane mai ɗinki yake yi, wanda na sani sarai amma ban tuna in hana ba: ya matse littafin a katako ya bi gefe uku da wuƙa, ya daidaita su sumul.

Ranar da aka koma karatu na shigo bayan La'asar da littafin a naɗe cikin farin ƙyalle, na ajiye gaban Malam. Idi ya buɗe. Malam ya miƙa hannu ya shafa bangon, sannan ya bi gefen da babban yatsa, sama da ƙasa.

Ya ce, "Sale, wa ya yi masa aski?"

Na fara bayanin irin fatar da kuma yadda zai shekara ɗari. Idi ya katse ni.

"Dillali, mu goma sha huɗu ne. Layi za mu riƙa yi masa kamar a bakin famfo?"

Ya buɗe tsakiya ya fara karanta rubutun gefe da ƙarfi. Ya yi kalma biyar ya tsaya, don sauran layin babu. Ya koma na ƙasa, shi ma haka. Faɗin yatsa ɗaya wuƙa ta ɗauke, amma rubutun a karkace yake, saboda haka kusan kowane layi ya rasa kai ko wutsiya.

Malam ya ce, "Abin da ke tsakiyar takarda, ɗana, kana da shi a shagonka bugun Masar, ya ma fi wannan kyan karantawa. Na gefen ne babu shi ko'ina a duniya." Ya juya ya ce da mai girkin ranar, "Kawo abinci."

Na so in tashi, mai wanki ya riƙe mini riga ya ce ba a tashi. Haka na ci shinkafa da kifi a kwano ɗaya da mutanen da na yi wa ɓarna. Da aka wanke hannu aka fara magana daga ƙarami. Wani ya ce Malam ya zauna ya sake faɗa a rubuta. Idi ya ce mako shida ya rage, ko shekara biyu ba za ta isa ba. Wani ya ce a nemi a ɗaga tafiyar, aka ce takardar iƙama ba ta jira. Da aka zo kan tela, mutum ne marar yawan magana, sai ya ce, "Ni in na yanka yadi, ƙyallen ba ya ɓacewa, yana ƙarƙashin keke. Ina abin da aka yanke?"

A nan ne sana'ata ta yi mini rana. Mai ɗinkin littafi na kirki ba ya zubar da takarda mai rubutu a shara, don kada sunan Allah ya taku. A buhu yake tarawa, in ya cika ya ba masunci ya ɗaura dutse ya saka a teku. Na faɗa musu. Malam ya ce, "To yanzu kana iya tashi. Yalla."

Na tarar da Ammu Yusuf yana shirin rufewa. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya fusata. "Ya waladi, kai ka ce in yi aiki irin na manya. Gefen kamar ɓera ya yi wata yana ci, in bar shi haka a ce aikina ne?" Na ce laifina ne, ba nasa ba, ina buhu? Ya ce ɗaya ya tafi teku makon jiya. Ɗayan yana bayan ƙofa. Na zura hannu, na ciro, sai ga siraran takardu masu kauri, jajaye-jajaye, da tawadar gida a jiki, a cakuɗe da fararen gefen littattafan bugu. Ya dube su ya dube ni, ya ba ni haƙuri da Larabci ya ce, "Ma'alesh." Ya ba ni aron wuƙarsa ta zare ɗinki, ya kuma gaya mini yadda zan sassauta manne da tururi.

Washegari na zauna a bakin zauren na yanke zaren da hannuna, na zare jan bangon na ajiye gefe. Idi ya tsaya a kaina da garwarsa ya ce, "Ka kai wa tsohon maigidan naka Balarabe, ko zai yi masa amfani." Kwana biyu na yi ina riƙe bayan littafin a kan tururin tukunya, ina raba takardu ɗaya-ɗaya da wuƙar ƙashi.

Haɗa gefen shi ne aikin da ya ci mu. Na rufe shago a lokacin da ya fi kowane ciniki, lokacin da alhazai ke sayayyar komawa gida. Inna Zainabu, matar Malam, ta ba mu zannuwan gado farare muka shimfiɗa a fili, muka kare da tabarmi saboda iskar teku, kowane siririn yanki muka danne shi da tsakuwa. Aka fara ware su da tawada: baƙa ƙirin ta malamin farko, mai ja-ja ta na biyu, shuɗiya ta Malam Haruna. Sai a ɗauki yanki a karanta abin da ya rage a jiki, kalma biyu ko uku. Malam yana zaune a kan buzunsa ido a rufe, ya ce, "Babin ciniki, wajen sayar da amfanin gona kafin ya nuna. Duba takarda ta uku ko ta huɗu." A je a gwada. In rabin harafin da ke jikin yanki ya haɗu da rabinsa da ke jikin takarda, an samu.

Manne ƙullun alkama ne, Inna Zainabu ke dama mana kullum sabo, don na jiya yana tsami. Ƙaro ba ya yi a Jidda, danshi na sa shi ya narke ya kama maƙwabciya. Bayan kowane haɗi muna liƙa siririyar takardar wasiƙar jirgin sama, wadda ake ganin rubutu ta cikinta. Tela ke liƙawa don hannunsa ba ya rawa. Mai wanki ya bi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi ta kan ƙyalle. Mai tsire ya taɓa yanki ɗaya ya bar masa tambarin mai, aka yi masa shari'a bayan abinci aka yanke masa hukuncin girki har a gama. Ya ce bai taɓa jin hukuncin da ya yi wa alƙalai daɗi irin wannan ba. Muna yin awa ɗaya bayan Asuba kafin kowa ya tafi nema, mu dawo bayan La'asar har Magariba. Karatu bai tsaya ba, aikin ne ya zama karatun. Mai dakon da bai taɓa wuce babin alwala ba sai ga shi yana gardama da Idi a kan inda wani yanki na babin jingina ya dace, kuma shi ke da gaskiya.

Saura mako ɗaya jirgi ya tashi buhu ya ƙare. Takarda goma sha ɗaya a babin gado, wanda ya fi kowanne wuya, ba su samu gefensu ba. Nasu na cikin teku. Na yanko farar takarda mai kauri muka liƙa musu sabon gefe. Malam ya riƙa faɗa daga ka, tela yana rubutawa, har aka cika takwas. Da aka zo kan ukun ƙarshe sai ya ce, "Wannan na manta."

Ni dillali ne. Na san fuskar mutumin da ya ce kaya sun ƙare alhali suna ƙarƙashin tebur. Mutumin da ya gane babi daga kalma biyu bai manta rabon kaka da 'yan'uwa ba.

Malam ya laluba ya ɗauki alƙalami ya miƙa wajen da yake jin numfashin Idi. "Cika su."

Idi ya mai da hannuwansa baya. "Allah gafarta Malam, hannun ga-ruwa ne. Ya za a yi ya shiga tsakanin waɗannan?"

"Mai baƙar tawadar nan majemi ne, sai an toshe hanci ake zama kusa da shi. Mai jar kuwa jakai yake kora. Karɓi."

Kwana uku Idi bai ɗauki garwa ba, sauran suka raba gidajen da yake kai wa ruwa a tsakaninsu. Yana zaune a lungu da allo yana lissafin rabo, ya goge, ya sake, sai ya tabbata sannan ya sa alƙalami a takarda. Ban ji ya yi wa kowa ba'a ba a kwanakin nan, har ni. Rana ta huɗu bayan La'asar ya karanta abin da ya rubuta a gaban kowa. Malam ya tsayar da shi sau ɗaya.

"Ka ba kakar nan fiye da haƙƙinta. 'Yar'uwarka ce?"

Aka yi dariya. Idi ya duba, ya ga wurin, ya gyara. Ya karanta sauran har ƙarshe, Malam bai sake tsayar da shi ba.

Majemi ya riga ya kawo sabon tadarishi, irin wanda aka aike ni tun farko. Aka jera takardun aka ɗaure. Sai Malam ya dafa kafaɗar mai wanki ya miƙe daga kan buzu, ya taka a hankali ya zo ya zauna a tabarma tsakanina da mai tsire.

Ya ce, "Malam Idi, rana tana tafiya. Raba takardu."

Idi ya daɗe a tsaye kafin ya zauna a bakin buzun, ba a tsakiya ba. Ya kwance tadarishi ya fara miƙa wa kowa tasa. Da ya zo kan Malam sai ya tsallake. Malam ya miƙa hannu ya ce, "Ni fa? Ni na kawo kaina."

Idi ya zaro ta farkon littafi ya ba shi da hannu biyu. Malam ya riƙe ta a kife, ya gyara zama, ba wanda ya gaya masa, aka yi bisimilla.